Murfi Goma a Aljihun Baffa

Sharaɗi ɗaya Baffa Sattam ya kafa, kuma a tsaye ya faɗe shi a ƙofar gida, yana gyara jan mayafin kansa.

"Buɗe kunnenka, Rakan. Idan gindin motar nan ya doku sau ɗaya, ko na ji tsohuwar nan ta ce wash, mun juyo gida ke nan. Ba roƙo, ba Baffa-yi-haƙuri."

"Ba zai doku ba, Baffa."

"Ka ce in Allah Ya so, marar kunya."

"In Allah Ya so. Ai Shi ya ba ni dabarar."

Tsohuwar da ake magana a kanta tana zaune a kan kujera a bakin ƙofa, ta riga kowa shiryawa tun da asuba. Hissa sunanta, amma 'ya'ya da jikoki duk Yumma suke ce mata. Shekara uku rabonta da daji, tun da aka yi mata aikin ƙugu. Bana kuwa ruwan farkon sanyi ya sauka da tsawa, kuma babu wanda bai san ma'anar wannan ba a garinsu na Hafar al-Batin: faƙa'a, abin marmarin da ake tonowa a daji, za ta yi. Ba ta da ganye, ba ta da reshe, tana can ƙarƙashin ƙasa kamar dankali, sai dai ta ɗan tsaga saman ƙasar, mai ido ya gani. Yumma ta san wani kwari a cikin hamadar Samman inda mahaifiyarta ke tono tun tana yarinya a cikin tanti. Likita ya ce ta je duk inda take so, ban da inda za a jijjiga ta. Ita kuma ta ce shekarunta sun wuce tamanin, ba ta da wata baɗi da za ta jira.

Rakan, jikanta, a shagon faci yake aiki. Wata biyu ya yi yana gina ɗan ɗaki a bayan a-kori-kurarsa: gado mai katifa biyu a hagu, tankin ruwa lita ɗari biyu a dama, tukunyar gas, wurin tanti da darduma da itace. Ranar da ya fara loda mata kaya, gindinta ya zauna, hancinta ya ɗaga sama kamar raƙumin da ya shinshino ruwa, ta kuma karkata wajen tanki. Baffa Sattam ya yi dariya har da riƙe ciki.

Rakan ya ɗauko kayan aikinsa. Ya shige ƙarƙashinta kwana uku, ya ɗaura jakunkunan roba biyu, kowace kamar kankana, tsakanin shasi da ƙarfen tayoyin baya, kusa da sifirin. Kowace jaka ya ja mata tiyonta daban, domin in ya haɗa su, da mota ta hau gefen tudu iskar za ta gudu daga ɓangaren da aka danne ta koma ɗaya. Ya fito da bawul biyu a gefen lambar baya, ya sa musu jajayen murfi. Da ya hura, dama fiye da hagu, motar ta miƙe ta tsaya sak, kamar ba a ɗora mata ko tsinke ba.

"Balan-balan," in ji Baffa. "Uwata za ka ɗora a kan balan-balan."

"Taya ma ai balan-balan ce, Baffa. Shekara arba'in kana kanta."

Suka kama hanya mota biyu. Baffa a gaba da rago da buhun shinkafa, Rakan a baya, Yumma a kujerar gefensa da ya kwantar mata, ƙanwarsa Jawahir a baya riƙe da butar gahawa. A kan kwalta motar ta tafi kamar kwale-kwale. Yumma ba ta rufe baki ba. Wannan gidan mai da babu shi, wancan tudun a nan raƙumar ubanta ta haihu. Rakan yana tuƙi da hannu ɗaya yana murmushi.

Wajen hantsi suka kai inda kwalta ta ƙare. Nan ne kowa ke tsayawa ya rage wa taya iska, don ta baje ta yi faɗi, kada rairayi ya haɗiye ta. A gidansu wannan aikin na Baffa Sattam ne, tun kafin a haifi Rakan. Ba ya taɓa geji. Ƙusa yake sa wa ya danna allurar bawul, ya ja tasbihi talatin da uku, ya ɗaga. Murfin kuwa duk aljihun ƙirjinsa yake zubawa, ba ya mayarwa sai an dawo kan kwalta.

Yana can tsugune yana subhanallahi, Rakan da Jawahir suka ɗauki Yumma cak, suka shigar da ita ɗakin ta ƙofar gefe. Suka kwantar da ita, suka tokare ƙugun da matasai, Rakan ya ja labulen taga don ta riƙa ganin waje. Jawahir ta zauna gefenta da butar gahawa.

"Ya kika ji, Yumma?"

"Kamar amarya. Saura ango."

"Ga ni ai."

"Kai? Da wannan baƙin man a farce? Tafi can ka tuƙa."

Baffa ya danna ham sau uku. Rakan yana da al'adar zagaya mota kafin ya tayar, amma yau ham ɗin ya hana shi. Ya faɗa ciki ya sa giya.

Tun a gangaren farko ya ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa. Ya ce a ransa laushin taya ne. Suka yi tafiyar minti goma a shimfiɗaɗɗen rairayi, sannan suka zo wani ɗan tudu mai rami a bayansa, irin wanda ya ƙetare sau ɗari. Ya hau a hankali, ya sauke gaba, baya ya biyo.

Gam!

Ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Tukwane suka yi kuka. Daga cikin ɗakin ya ji muryar Yumma, ba da ƙarfi ba, amma ya ji.

"Wash."

Kafin ya kashe mota ya fito, Baffa ya riga ya yi kwana ya dawo, ya leƙa ta taga.

"Yumma! Ina ne? Ƙugun ne?"

"Ba komai, Sattam. Firgita na yi."

"Ta ɗan ciji leɓe," in ji Jawahir, murya ƙasa-ƙasa.

Baffa ya juyo. Bai ɗaga murya ba, wanda ya fi faɗan muni.

"Ka ji da kunnenka. Juya motarka."

Rakan ya ja da baya ya dubi motar. Ga ta nan kamar ranar farko, gindi a zaune, hanci a sama, ta karkata dama.  Ya kwanta a rairayi ya leƙa. Jakunkunan biyu sun lanƙwashe kamar tsohuwar salka. Ɗaya ta fashe, zai yarda. Amma biyu, lokaci guda, masu tiyo daban-daban? Ya miƙe ya zagaya wajen lamba.

Bawul biyun suna nan tsirara. Babu jan murfi ko ɗaya.

Sai ya ji numfashinsa ya dawo. Amma ya tsaya yana kallon su, domin wata matsalar ce sabuwa. Baffa Sattam shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifin Rakan. Ba a ce masa kai ka yi, balle a gaban uwarsa da 'yar wansa. In ya ji kunya, taurin kai zai hau, kuma in ya hau sai gida. In Rakan ya yi shiru kuma, shi ma gida ne. Ta tagar yana hango hannun Yumma riƙe da labule, tana kallon yamma, inda kwarin yake.

Ya kakkaɓe rigarsa ya je.

"Shi ke nan, Baffa, magana magana ce. Ba ni murfina in ajiye, tunda kwalta za mu koma. Kar su haɗu da naka."

Baffa ya zura yatsu a aljihu ya kwaso, ya zube a tafin hannunsa yana warewa. Huɗu nawa, huɗu naka. Sai yatsan ya tsaya. Guda biyu sun yi saura, jajaye.

Rakan ya ɗaga kai yana kallon wani gajimare.

"Waɗannan..." in ji Baffa. "Na bakin lamba ne. Na safaya."

Rakan bai sauke kai ba.

"Ni ma na yi mamaki," Baffa ya ci gaba, shi kaɗai. "Ko tasbihi biyar ban kai ba suka yi shiru."

"Sattam," in ji Yumma daga ciki, "ƙafa nawa mota take da ita?"

"Huɗu, Yumma."

"To kai shida ka samu. Allah Ya ƙara basira."

Jawahir ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Kunnuwan Baffa suka yi ja kamar murfin da ke hannunsa.

"Wa ya ce ya sa bawul inda ba a sa bawul?" ya ce. "An zo bakin rairayi, na ga bawul, me zan yi? In gaishe shi?"

"Laifina ne, Baffa," in ji Rakan da sauri. "Da na gaya maka. Kuma ban zagaya ba kafin in tayar."

"To! Ka ji. Ba ka zagaya ba." Ya mayar da baƙaƙen murfin aljihu, ya riƙe jajayen yana juya su. "Amma dai ta doku. Abin da na sani ke nan. Wa ya san ko balan-balan ɗin naka ma ta tsage?"

Nan ne kawai Rakan bai da tabbas. Jakar da ta yi tafiya ba iska, ƙarfe kan tsinke ta. Ya ciro famfon lantarki ya maƙala wa batir, ya sa tiyo a bawul ɗin dama. Famfo ya kama gurnani. Shiru, shiru, sai gefen ya fara tashi a hankali kamar raƙumi zai miƙe. Ya tsaya da geji ya nuna hamsin, ya koma hagu ya ba ta talatin da biyar. Ya kaɗa sabulu a kofin roba, ya shige ƙasa ya shafe jakunkunan da bakin tiyo, ya kwanta yana jira. Ko kumfa ɗaya bai taso ba. Ya ƙara jira, don kada ya yaudari kansa. Allurar geji ba ta motsa ba.

"Jawahir, zubo gahawa. Ki cika kofin fal."

Ta miƙo ta ƙofa. Baffa ya zaro ido, domin a al'adarsu cika wa mutum kofin gahawa alamar sallama ce.

"Kofi cike? Korata kuke yi?"

"Ba naka ba ne, Baffa, na mota ne."

Rakan ya ajiye kofin a kan katakon gefen gado ya durƙusa yana kallon bakinsa. Gahawar ta ɗan taɓo ta dama. Ya koma ya ƙara wa dama iska kaɗan, ya dawo. Ta tsaya daidai da baki duk zagaye.

"A tsaye kowa gwani ne," in ji Baffa. "Tudun fa?"

"Sai ka gwada da kanka. A sauko da Yumma, ka kwanta a gadon, in sake bin wajen. In ka ji ko ƙis, ni da kaina zan juya."

"Ni? In kwanta a gadon mata?"

"A gadon uwarka," in ji Yumma. "Wanda ka shekara uku kana jiƙa mini."

Wannan karon Jawahir ba ta iya riƙewa ba.

Aka shimfiɗa darduma a inuwar motar Baffa, aka zaunar da Yumma. Baffa Sattam ya cire takalmi ya hau gadon, ya miƙe sambal, hannu a ƙirji. Rakan ya yi kwana ya dawo kan sawunsa, ya nufi tudun da gudun ɗazu, bai rage ba ko kaɗan. Gaba ya sauka ramin. Baya ya biyo, ya nutsa a hankali, ya taso. Tukwane ba su ce uffan ba. Ya sake zagayowa ya ƙara bi, don kar a ce sa'a ce.

Baffa ya sauko yana gyara mayafi. Ya daɗe yana neman takalminsa ɗaya.

"Katifar ta yi laushi da yawa," ya ce. "Ba ta da kyau ga baya." Ya miƙa wa Rakan jajayen murfin biyu. "Ɗaura abinka. Kuma ka wuce gaba, ni in bi ka, in riƙa kallon gindin nan."

Rana ta karkata kaɗan suka isa kwarin. Ciyawa ta rufe shi kore shar, da 'yan furanni rawaya. Yumma ta ce a tsaya tun kafin Rakan ya ga wani abu. Suka sauko da ita, shi a dama, Baffa a hagu. Ta yi taku goma sha wani abu, tana kallon ƙasa. Sai ta tsaya, ta kai bakin sandarta kan wata 'yar tsaga da ba ta fi yatsa ba.

"Sattam, ina ƙusar nan taka?"

Ya ciro ta daga aljihu.

"Tsuguna nan, faƙa'a ce. A hankali, kar ka huda ta. Yau ka huda abin da ya ishe ka."