Tsarabar Alhaji Abdulmuhaimin

Malam Laouali mutumin Maraɗi ne da ke zaune a ƙasar Turawa, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke bayan titin Wendover. Ba shi da surutu, ba shi da abokai da yawa, amma yana da teku a falonsa. A hawa na biyu na gidan hayarsu da ke kusa da titin Gate City Boulevard ya girke wani dogon tankin gilashi, ya cika shi da ruwan gishiri da duwatsu da murjani mai rai, irin wanda yake buɗewa da safe kamar fure. A cikin kifayen akwai wata rawaya mai faɗin tafin hannu da yake kira Gimbiya. Tun tana ƙarama kamar ganyen zogale ya kawo ta, kuma daga yatsunsa take karɓar abinci. Matarsa Hauwa'u takan ce ita kaɗai ce a gidan ake tambaya ko ta kwana lafiya.

Yana da doka guda. Duk sabon murjanin da ya shigo gidan sai an tsoma shi a ruwan magani, an keɓe shi a wani ƙaramin kwano an ga halinsa, kafin ya shiga tanki. Shekaru da yawa ba a taɓa karya wannan doka ba, sai ranar Babbar Sallah da yayan matarsa ya zo gaisuwa.

Alhaji Abdulmuhaimin Bakano ne, mai haɗa magunguna, yana zaune a gefen Irving Park, unguwar masu hannu da shuni. Tun ranar ɗaurin aure bai taɓa ɓoye cewa ƙanwarsa ta yi ƙasa da zaɓi ba. Da ya ji mutane a masallaci suna yabon tankin Laouali, sai shi ma ya sa aka girka masa wanda ya ninka shi girma, ya ɗauki ma'aikacin da zai riƙa kula da shi. Ranar Sallar ya shigo da kwalba a hannu, a cikinta wani reshen murjani kore, ya miƙa a gaban baƙi.

Laouali ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya nufi kicin.

"Ina za ka kai shi, Malam Lawali?"

"Zan ɗan wanke shi ne, Yaya."

"Wankewa?" Alhaji ya dubi baƙin ɗaya bayan ɗaya. "Datti ka gani a kayana? Ko a can Faransar taku haka ake yi wa kyauta?"

Ba a bincikar kyautar yayan mata, balle a yi mata wanka a gaban jama'a ranar Sallah. Laouali ya naɗe hannun rigarsa, ya dasa reshen a tsakiyar tanki, baƙi suka ce masha Allah.

Kafin wata ya kai ƙarshe sai ga wasu ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa a jikin gilashi. Tsutsotsi ne shimfiɗaɗɗu, kowace ba ta fi ƙwayar riɗi ba, kuma ba sa buƙatar aure kafin su hayayyafa, rabewa kawai suke yi. Suka rufe yashi, suka hau duwatsu, suka kwanta a kan murjani suna tare masa haske har ya daina buɗewa.

Hauwa'u ce ta kai labarin gidan yayanta, shi kuwa ya zo da kansa ya ga ɓarnar. Ya sunkuya a gaban gilashin, hannayensa a baya, kamar mai duba gawar da ba ta danginsa ba.

"Irin waɗannan sun taɓa fitowa a nawa," in ji shi. "Tuni aka gama da su."

"Kafin Sallah ko bayanta, Yaya?"

"Me kake nufi?"

"Tambaya ce kawai."

"To ka riƙe tambayarka, ka saurari abin da zai amfane ka. Kada ka kuskura ka zuba magani yanzu. In suka mutu gaba ɗaya guba suke saki, kuma yawansu ya isa ya kashe duk abin da ke cikin ruwan nan. Ka riƙa zuƙe su da siririn tiyo kullum har su ragu. Ka tanadi sabon ruwan gishiri mai yawa da gawayin tace ruwa. Ina da durom biyu a gareji, a haɗe suke. In ka ga dama ka zo ka roƙa."

"Bon," in ji Laouali da guntun Faransanci. "Na gode."

"Ba ka gode ba. Na san fuskarka."

Abin da ya fi ƙona ran Laouali shi ne maganar gaskiya ce daga farko har ƙarshe. Shi ma ya san haka, har ya sayi tiyon, yana cikin aljihun tebur. Sai dai tun da shawarar ta fito daga bakin Alhaji ta zama abin da ba zai iya taɓawa ba. Ya riga ya ji yadda za a ba da labarin a harabar masallaci bayan Juma'a, cewa Dokta, kamar yadda suke kiran Alhaji, shi ne ya je ya koya wa mijin ƙanwarsa yadda ake kiwon kifi. Mutumin da ya kawo cutar kuma shi ne zai karɓi yabon maganinta. Laouali ya yanke cewa tsutsotsin ba su kai yawan da ake faɗa ba, domin bai ga waɗanda ke ƙarƙashin duwatsu ba, kuma bai so ya gani ba.

Ranar Asabar da hantsi ya haɗa bokitin ruwan gishiri guda, ya ɗiga maganin a tanki, ya ja kujera ya zauna.

Da farko abin ya yi masa daɗi. Tsutsotsin suka fara sakin gilashi suna yawo a ruwa, rataye da zaren yauƙi. Daga nan suka fara fitowa daga ƙarƙashin duwatsu, daga cikin yashi, daga bayan famfo, dubbai a kan dubbai, har ruwan ya koma kalar shayi. Murjani ya tsuke. Ƙananan kifaye biyu suka kife. Gimbiya ta jingina da dutse, ta kwanta a gefe guda, tana buɗe baki da sauri.

Ya canza ruwan da bokitinsa guda, wanda bai rage komai ba. Ruwan famfo kuwa ba ya shiga irin wannan tanki, kuma sabon ruwan gishiri ba ya haɗuwa nan take.

"Abban Afnan, ka kira Yaya," in ji Hauwa'u daga ƙofar kicin, tana kiransa da sunan 'yarsu.

"Ba zan kira shi ba."

"Kifin nan mutuwa za ta yi."

"Shi ya kashe ta tun ranar Sallah."

"Shi ya ɗiga maganin yau? Da hannun wa na gani?"

"Hauwa'u, in kika taɓa wayar nan, ni da ke ne."

Ya kwashi jarkoki ya sauka, ya nufi shagon kayan kifi da ke sayar da ruwan a haɗe. Wendover ranar Asabar ba ta san gaggawar kowa ba. Ya tsaya a bayan motocin masu zuwa kasuwa, kowace danja ta jira shi ya iso kafin ta yi ja. Ya samu ruwan, ya juyo ta cikin cunkoson da ya baro.

Da ya shigo harabar gidansu sai ya ga baƙar motar Alhaji a wurin da shi yake ajiye tasa.

A falo ya tarar da shi, babbar riga a kan kujera, singileti jiƙe, hannu cikin tanki har kafaɗa. Durom ɗaya na tsaye a kan darduma, tiyo na kwararar da jan ruwa zuwa banɗaki. A tsakar ɗaki kuma ga babbar kular da Hauwa'u ke zuba shinkafar suna, cike da ruwa mai tsabta. Gimbiya na ciki. Ta miƙe, tana motsa fiffike a hankali.

"Wa ya ba ka izinin sa hannu a tankina?"

"Ƙanwata. Gidanta ne ita ma." Alhaji bai ko waiwayo ba. "Ajiye jarkokin can, ka riƙe mini tiyon nan, yana zamewa."

"Kai ka kawo mini wannan annoba, ka kuma san tana jikinsa."

"Ban sani ba. Da na sani ma, ai kai ne gwani, kai ne mai doka. Me ya hana ka wanke shi?"

"Kai ka hana ni, a gaban mutane!"

"Da ka cire shi bayan na tafi. Girman kai ne ya hana ka, Malam Lawali, shi ne kuma ya sa ka zuba guba yau."

Laouali ya ajiye jarkokin. Ya dubi matarsa, ita kuwa tana matse tsumma a bokiti, ta ƙi ɗagowa. Ya riƙe tiyon.

Sun yi aikin har azahar ta gota. Ruwan ya washe, amma rabin murjanin ya yi fari, yashi kuma cike yake da matattun tsutsotsi da za su ci gaba da ruɓewa. Alhaji ya goge hannu, ya mayar da rigarsa.

"Tankin nan ba zai riƙe kifi ba sai bayan makonni. Kula kuma ba gida ba ce, kafin gobe Gimbiya za ta mutu a ciki. Ko ta bi ni, ko ka binne ta. Zaɓi naka ne, ni ba na roƙo."

Laouali ya daɗe yana kallon kular. Sannan ya rufe ta, ya rungume ta a ƙirji, ya sauka da ita a hankali don kada ruwan ya girgiza. Ya ajiye ta a kujerar bayan motar, ya ɗaura mata bel.

"Ganyen teku take ci da safe," ya ce, idonsa a kan murfin. "Ba ta karɓa a hannun baƙo."

"Za ta koya. In kuma kana son ganinta, ka san gidan. Ka buga waya tukuna, kuma ka fara shigowa falo ka gaishe ni kafin ka wuce wurin kifi."

Motar ta fita zuwa babban titi. Laouali ya hau sama, ya wuce Hauwa'u ba tare da ya dube ta ba, ya ɗauki ƙaramar raga ya fara tsamo matattun.