Tatsuniyar Baba a Kundin Intanet

Malamarmu ta jami'a ba ta san wasa ba. Aikin da ta ba mu shi ne kowa ya zaɓi maƙala ɗaya a kundin ilimin intanet kan tatsuniyoyin farkon duniya, ya bi ta jimla bayan jimla. Duk abin da ba shi da madogara a littafi, a goge shi.

Ni da rawar kai na zaɓi wadda Baba ya taɓa yi wa ƙari.

Baba tela ne. Ina ƙarama ya riƙe hannuna zuwa shagon intanet na bakin titinmu, mai fanka mai ƙara da kujerun roba. Ya zauna ya gyara tabarau, yana buga haruffa da yatsa ɗaya kamar mai tsoron kada su cije shi. Abin da ya rubuta, wai daga bakin kakarsa ya ji: da can sama da ƙasa yadi ɗaya ne, wata tsohuwa ta sa almakashi ta raba su, taurari kuwa hujin allurarta ne. Yana tsakiyar jimla lokacinsa ya ƙare, da ƙyar ya adana rubutun kafin mai shago ya kashe masa na'ura. "Sai tsohuwar ta ɗauki zare ta…" Nan ya tsaya. Ya ce zai koma. Har ya rasu bai koma ba.

Ga rubutun nasa yanzu a gabana, an lafta masa alamar "ana buƙatar madogara". Na yi wa ɗakin karatu shiga da fita har mai gadi ya fara gaishe ni da "an dawo?" Babu littafin da ya san tsohuwar nan. Malama ta ce, "Ko dai madogara, ko gogewa. Kewa ba hujja ba ce." Na ji haushinta, don ta fi ni gaskiya.

Na kai wa Mama kwamfutata. Tana ɗakin da keken ɗinkin Baba yake, har yau a lulluɓe da tsohon zanen gado. Na karanta mata.

Ta yi dariya har da share ido. "Wace kaka? Babanki ne ya ƙirƙira. Duniya da almakashi, in ba tela ba wa zai faɗa?"

"Mama, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ke ya yi wa. Kina tsoron tsawa, kina shigewa ƙarƙashin keken nan."

Na dubi keken. Kewarsa ta taso mini.

"To zaren fa? Me tsohuwar ta yi da shi?"

"Ta yi ta ƙoƙarin mayar da su yadi ɗaya, har yau ba ta gama ba. Tsawar da kike ji, ƙarar kekenta ce. Sai ki ce, 'Ashe aiki take yi,' ki fito."

Na goge sakin layin a gabanta. Akwai ɗan gurbin da ake rubuta dalili, na sa "babu madogara".

Mama ta yaye zanen gadon, ta ɗora ƙafa, ta taka keken a hankali, ba zare, ba yadi.