Mai Ban Ruwan Ciyawar Roba

Shekara goma sha bakwai Ma'azu ya yi yana kula da ciyawar filin ƙwallon wani kulob a Tawa. Mutumin Kalfu ne, ɗan masu lambun albasa. Filin da aka damƙa masa jar ƙasa ce mai tsakuwa, ya yi ta bin ta da takin awaki da wani tsohon tiyo mai faci har ciyawar kirikiri ta yarda ta zauna. Ba ko'ina ta zauna ba. Gaban raga kullum sanƙo ne, tsakiyar fili kuma sai da damina take cika. Amma ɗan wasa kan faɗi ya tashi da fatarsa, kuma wannan ya ishi Ma'azu alfahari.

Sai aka zaɓi Alhaji Muktari shugaban kulob. Dillalin siminti ne, bai taɓa dukan ƙwallo ba ko da kuskure, amma shi ya saya wa ƴan wasa riguna, don haka kowa ya gano cewa ya san ƙwallo. Ya yi tafiyar kwana shida ƙasar waje, ya dawo da hotunan wani fili kore shar cike da wayarsa. Duk wanda ya je gaishe shi sai ya kalli hotunan kafin a ba shi ruwa. Ya ce sunan ciyawar gazon santetik. Mutane suka gwada faɗi sau biyu, suka haƙura suka ce ciyawar roba.

Ranar da kwamitin kulob ya zauna a kan maganar shimfiɗa ta a filinsu, Ma'azu na bakin ƙofa. Ya nemi izini ya tambaya ko ita wannan ciyawa ta san ranar Tawa. Aka yi dariya, har da waɗanda ba su ji tambayar ba.

"Baba Ma'azu, wagga ciyawa Turawa sunka yi ta," in ji Alhaji. "Ba ta shan ruwa, ba ta cin taki, ba ta mutuwa. Kai ma ka huta."

Katafila ta kwashe aikin shekara goma sha bakwai tsakanin hantsi da azahar. Ma'azu ya tsaya ya kalla har ƙarshe. Aka sallame shi da takardar yabo wadda aka rubuta sunan wani Ma'aruf a kanta. Matarsa Azumi ta juya takardar gaba da baya, ta ce ta ji mutum ya rasa aiki saboda sata, ta ji saboda tsufa, amma mijinta ne na farko da tabarma ta kora.

Aka sa bikin buɗe fili cikin watan Afrilu, ƙarfe biyu na rana, domin babban baƙon da ya zo daga Yamai yana son kama hanya da wuri. Ma'azu ya je, ya tsaya cikin jama'a a bayan wayar shinge. Shi kansa sai da ya yarda filin ya yi kyau. Irin wannan kore ba a taɓa ganinsa a Adar ba ko a shekarar da aka fi samun ruwa. Sai dai iska na kawo wani wari kamar an ajiye taya kusa da murhu.

Mai tsaron ragar kulob, wani dogon mutumin Abalak mai suna Rissa, ya ɗora tafinsa a kan ciyawar ya janye da sauri. Ya je ya raɗa wa Alhaji cewa gara a jira la'asar. Alhaji ya ce masa ya tsare ragarsa, ya bar wa manya tsaron lokaci.

Bayan jawabi mai tsawo, Alhaji ya sanar a lasifika cewa zai nuna wa jama'a laushin abin da ya kawo musu. Ya tuɓe takalmansa, ya miƙa wa sakatare, ya tattare babbar riga, ya nufi tsakiyar fili ƙafa tsirara. Taku goma na farko ya yi su da ƙasaita. Daga nan Ma'azu ya ga kafaɗunsa sun ɗaga. Komawa baya abin kunya ne, gaba kuma da nisa. Sai ya shiga ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya, murmushin na nan a fuskarsa kamar an manna. Makaɗa suka ga shugaba ya taka rawa, suka ƙara wa kalangu wuta. Mata suka rangaɗa guɗa. Babban baƙo ya miƙe yana tafi, don haka kowa ya miƙe. Da ƙyar sakatare ya gane, ya ruga masa da takalmi.

Wasan da aka fara bai kai rabin sa'a ba. Ƙasan takalman ƴan wasa biyu ya ɓalle. Rissa ya faɗi sau ɗaya ya tashi da gwiwar hannu a saɓule, daga nan ya tsaya ƙyam yana kallon ƙwallaye huɗu suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Alƙalin wasa ya busa, ya ce an tashi saboda dalilai.

Kashegari aka kira waɗanda suka shimfiɗa ciyawar a waya. Suka ce ai a ƙasa mai zafi dole a jiƙa ta sosai kafin a taka, kuma duk yana rubuce cikin littafin da suka bari. Aka nemo littafin. Ba da Faransanci yake ba, ba da Larabci ba, sakatare kuma ya daɗe yana tokare ƙafar tebur da shi.

Kwana uku bayan haka aka aiko wa Ma'azu ɗan kabu-kabu. Ya tarar da Alhaji a zaure, ƙafafunsa cikin daro. Alhaji ya ce ciwon sanyi ne ya taso masa. Bai ambaci rawa ba, bai ambaci katafila ba. Ya ce kwamiti ya yi nazari ya ga filin zamani na buƙatar ƙwararre, kuma an ɗaga Ma'azu daga mai lambu zuwa teknisiyen. Aka ba shi ƴar riga rawaya mai ƙyalli da sabon tiyo.

Ma'azu ya so ya ƙi. Azumi ta ce ya duba buhun hatsi tukuna sannan ya yi fushin. Ya duba, ya sa rigar.

Haka ya koma ban ruwan roba. Ta fi kirikiri shan ruwa nesa ba kusa ba, don kafin ya kai raga ta biyu ta farko ta bushe. In mutanen Kalfu suka biyo ta wajen ranar kasuwa, sai ya juya musu baya, kada a kai labari gida cewa ɗan masu lambu na shayar da abin da ba ya tsiro. Kwamiti kuma ya lura takalman ƴan wasa na cinye ciyawar, ya taƙaita wasa zuwa Lahadi kawai. Sauran ranaku angwaye da amare ke shiga ɗaukar hoto, ƴan ƙwallo na atisaye a waje kan tsakuwa.

Ruwan da Ma'azu ke kwarara yana gangarewa gindin katangar gabas. Kafin damina ta faɗi, kirikiri ta tsiro a wurin da kanta, faɗin tabarma biyar ko shida. Ma'azu bai faɗa wa kowa ba, ya dai ɗan yayyafa mata taki. Rissa ya gano wurin, ya riƙa zuwa da sassafe yana koyon faɗuwa a kai, shi kaɗai, kamar mai satar abu.

Alhaji ya hango kirikirin ne a bayan ango da amarya cikin wani hoton aure. Ya zo da kansa, ya tsaya a kanta, ya ce wannan ciyawar ƙauye tana ɓata wa fili kyau, a tuge ta a yau. Ma'azu ya ce to. Har Alhaji ya juya, sai ya dawo, ya duba ko sakatare na kusa, ya sassauta murya. Ya ce a tuge ta da saiwarta, kada a yar. Akwai wani wuri a tsakar gidansa da yake son a dasa.

"Ranka ya daɗe, ai akwai ragowar robar a ɗakin ajiya, naɗi biyu," in ji Ma'azu. "Ba ta son taki, ba ta mutuwa. In shimfiɗa maka?"

Alhaji ya kalle shi kamar ya zage shi.

"A gidana? Jikokina ba takalmi suka yawo."

Da yamma Ma'azu ya yanka ciyawar fala-fala da ƙasarta, ya loda a amalanke. Rissa ne ya kama masa har suka gama. Ƙarshen wannan wata ya ajiye safar hannunsa ya koma Abalak wajen raƙuman babansa, kulob ya ɗauko wani mai tsaron raga wanda ke sa wando biyu.

Ciyawar ta kama a gidan Alhaji, ta yi kyan da ba ta taɓa yi a fili ba, tunda ba mai taka ta da takalmi. Baƙi na yabawa, Alhaji na gaya musu iri ne na musamman da ya sa aka kawo masa daga waje. Ma'azu na tsugune a gefe da almakashi, in an tambaye shi sai ya ce haka ne.