Ranar da Abdulghaffar Ya Tashi Shi Kaɗai

A farkon shekarun 1970 wasu hafsoshin sojan sama suka zo jami'a a Jidda suna neman ɗaliban da za a koya wa tuƙin jirgi lokacin hutu. Abdulghaffar, ɗan Na'ibi mai walda a unguwar Sa'alaba, yana shekararsa ta biyu a fannin tattalin arziki. Ya gwada sa'arsa, aka ɗauke shi.

Amai ne ya so ya kayar da shi. Da zarar ƙaramin jirgin koyo ya karkata, sai cikinsa ya juya. Malaminsa, Kyaftin Abdulwahid, ya gaya masa cewa hannunsa na da kyau, amma in cikin bai zauna ba, halas, wato shi ke nan, sai ya koma wa littattafansa. Yayarsa Mastura ta hana shi cin ful da tamis, wato wake da gurasa, kafin tashi, ta riƙa dafa masa citta da lemun tsami. A hankali aman ya tsaya.

Wata safiya bayan sun sauka tare, Kyaftin ya kwance ɗamarar kujerarsa ya fita, ya bar injin yana aiki.

"Yalla, ya waladi," in ji shi da Larabci, wato maza, yarona. "Zagaye ɗaya, kai kaɗai."

Jirgin ya ɗaga da wuri, don babu nauyin mutum na biyu. Abdulghaffar ya hango teku da jiragen ruwa a tasha, ya ji yana dariya shi kaɗai. Da ya zo sauka, iska ta bugo daga teku ta ture shi gefen titin saukar jirgi. Ransa ya ce ya danna ƙasa kawai a gama. Bai yarda ba. Ya ƙara wuta ya koma sama, ya sake zagayowa, ya kwantar da fiffike cikin iskar har tayoyi suka kama kwalta lafiya lau.

Abokan karatunsa suka sheƙa masa bokitin ruwa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya fara tashi shi kaɗai. Kyaftin ya riƙe hannunsa ya ce komawar da ya yi sama ta fi saukar burge shi.

A ranar, Na'ibi ya rufe shago tun la'asar, ya yanka rago, maƙwabta suka cika ƙofar gida. Abdulghaffar ya gama digirinsa ya shiga sojan sama, kuma da hafsoshin suka dawo neman sababbin ɗalibai shekara guda bayan tashin nasa, samarin Sa'alaba ne a gaban layi.