Shufen Ta Ƙi Gurbin Tsakiya

A asibitin nan na Luzhou mara lafiya ba ya zuwa sai da 'yan rakiya, kuma su ne masu baki. Shekara huɗu Shufen tana fama da cutar lupus, wadda ta fara mata da jan tabo a kumatu har ta gangara ƙoda, amma surukarta ce ke amsa tambayoyin likita, mijinta Deming kuwa aikinsa gyaɗa kai.

Ran nan wata nas mai suna Tong ta miƙo mata takarda, ta ce ana so a auna zaman iyali da na auren masu cutar. Kowace tambaya gurbi biyar ne, daga "ko kaɗan" zuwa "ƙwarai".

Surukar ta leƙo. "Ki bi na tsakiya, 'yar nan. Ɗan mutunci ba ya yabon gidansa, ba ya kuma tona masa asiri."

Haka kowa yake yi. Matan da ke kan benci duk sun jera alama a tsakiya kamar maɓallan riga, har da wadda mijinta ya tsere tun bara.

Shufen ta bi sahu har tambaya ta goma sha biyu: "Iyalinki suna taimaka miki wajen shan magani?" Nan alƙalami ya tsaya. Wata biyu ke nan ƙwayoyin ƙodarta suna kulle a kabad ɗin surukar, saboda likita ya hana ɗaukar ciki ana shansu, tsohuwar kuma jika take so kafin sabuwar shekara. A madadinsu sai tsimin saiwoyi mai ɗaci, safe da yamma. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin Deming ta sako. Tsoro take ji, ga haushi ya cika mata ciki. Ta danna alama a "ko kaɗan", har takardar ta huje.

"Ke! Hannunki ya kauce, gyara!" in ji surukar.

"Bai kauce ba, Mama."

"Shufen, don Allah, a gida ma yi maganar," in ji Deming ƙasa-ƙasa.

"Wane gidan? Wanda ake kulle min magani?" Ta ɗaga murya har 'yan benci suka waiwayo. "Nas Tong, ki rubuta: wata biyu ban sha ko ƙwaya ɗaya ba."

Tong ta durƙusa ta danna mata ƙafa da yatsa. Wurin ya lotsa bai taso ba. Ta miƙe da sauri ta tafi kiran likita.

"Kin zubar mana da mutunci a bainar jama'a!" in ji tsohuwar.

"Mutuncin ne zai wanke min jini in ƙodar ta tsaya?" Shufen ta juya ga mijinta. "Deming, makullin kabad. Za ka karɓo min yau, ko a'a?"

Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa, ya shiga gyara hannun rigarsa. Ta ba shi lokaci, iyakar adalci ta yi masa. Sannan ta ɗora takardar a cinyarsa, don ya gani da idonsa, ta karanta tambaya ta goma sha uku a fili: "Mijinki yana tsaya miki?"

Ta cike ta a kan cinyarsa, ta danna alama a "ko kaɗan".