Bangon Wilf Ba Shi da Ciki

Wilf Ormerod ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ranar Talata da hantsi, ya ce in zo in ji abin da wani mutum yake faɗa masa, don shi kam kansa ya ɗaure. Gidansa yana kallon nawa a layinmu na Accrington. Tun da na koyi karatu bayan na bar aikin rini, ni maƙwabta suke kawo wa takardun hukuma, wai ba na tsallake layi. Amma fom ɗin tallafin tare sanyi Wilf bai kawo mini ba, shi ya cike abinsa.

Mutumin yana tsaye da na'urar huda bango, garin jan bulo ya ɓata masa takalmi.

"Mista Ormerod, sau uku na huda," ya ce. "Bangon nan ba shi da ciki."

"Ba shi da ciki? To ni da Edna a ina muke kwana shekara arba'in da shida?"

"Bulo ne manne da bulo. Babu inda zan ɗura soson tare sanyin. Kai kuwa a fom ka ce akwai rata tsakanin bango biyu."

"Akwai mana!" Wilf ya ja shi gefen gida, ya nuna masa lungun da ya raba gidansa da na Glenys Duckworth, inda suke bi da kwandon shara. "Ga bangona, ga nata, ga rata. Ko gilashina zan ara maka?"

Mutumin ya cire hula, ya mayar. Ya ce gidajen da aka gina daga baya, bangonsu biyu ne a jere da 'yar rata a tsakani, wannan ake tambaya. Namu na zamanin masaƙu ne, tallafinsa daban, fom ɗinsa daban. Ya toshe hujin da ya yi, ya tafi.

Muka shiga muka tarar da Edna, matar Wilf, a kujera da bargo biyu tana tari. Fumfuna ta yi baƙi a kusurwar ɗakin. Likita ya riga ya ce ƙirjinta ba zai jure wani sanyin a gidan nan ba. 'Yarsu Lorraine har ta kama mata wuri a gidan kula da tsofaffi, an ba su zuwa ƙarshen Nuwamba su yanke shawara.

"Lungu ka nuna musu?" Edna ta ce. "Kai tsohon nan, da ka haɗa musu da kwandon sharar."

Sabon fom ɗin ni na karanta, sau uku, kuma ko ni sai da na rasa inda shafi na biyar ya dosa. Bayan sati uku wata mai awo ta zo, Mis Entwistle. Ta ce gaban gida ba za a taɓa shi daga waje ba, don hukuma tana son layin ya zauna da kamanninsa na da, sai dai a yi ta ciki. Baya da gefe kuwa allunan soso za a manna daga waje a yaɓe su. Sai dai na gefen zai ci inci huɗu na lungun, lungun kuma na gida biyu ne. Dole sai Glenys ta yarda ta sa hannu.

Wilf ya dube ni. "Alan, ka ji? Wancan ya ce ratar ba rata ba ce. Wannan ta ce ratar ce matsala. Wa zan bi?"

Sai na ce mu je wajen Glenys.

Glenys ba ta yarda da tef ɗin awo ba. Ta ɗauko littattafai ta jera har inci huɗu a jikin bango, ta turo kwandonta mai taya. Kwando ya maƙale.

"Ka gani ko? Wato ni in riƙa jan shara ta cikin falona don kai ka ji ɗumi. Shekara talatin kekenka yana lungun nan yana yage mini safa, na ce uffan?"

"Kin ce. Kullum."

Ta harare shi, ta wuce shi ta shiga wajen Edna, ta rufe ƙofa. Mu muna waje muna jin muryoyinsu, ba ma jin maganar. Da ta fito sai ta fizge biron daga aljihuna.

"Ina ne wurin? Kuma kai Wilf, kai za ka riƙa fitar mini da sharar duk Alhamis, har ka mutu."

Tsakiyar Nuwamba aka gama aikin. A rana ta ƙarshe wani ma'aikaci ya huda bangon kicin, huji mai faɗin kofin shayi, ya sa masa 'yar fanka. Ya ce gidan da aka rufe ruf sai an ba shi hanyar shan iska, in ba haka ba danshi zai taru a ciki. Wilf ya bi shi har mota yana tambaya yadda za a yi sati biyu ana toshe sanyi, sannan a buɗe masa ƙofa. Da motar ta tafi ya kashe fankar, ya cusa tawul a hujin.

Ranar Lahadi Lorraine ta zo, ina can ina shan shayi. Ba ta cire kwat ba, ta zagaya ɗakuna tana dafa bango da tafin hannu. A kicin ta tsaya, ta ga tagogi suna gumi, ruwa yana gangarowa.

"Mama, har yanzu akwai danshi."

Wilf ya fara kame-kame. Edna ta ture bargo, ta miƙe da sandarta, ta taka har kicin, ta zaro tawul ɗin da kan sandar, ta kunna fankar.

"Danshin nan aikin babanki ne. Ki zauna ki sha shayi, ki ba shi minti ashirin."

Muka zauna huɗunmu muna kallon taga. A hankali gilashin ya fara washewa daga sama, har muka hango Glenys a lungu tana leƙe. Lorraine ta cire kwat ta rataye, ta ɗauki waya ta fita tsakar gida. Na ji tana ce wa masu gidan tsofaffin su ba wani wurin.