Mabbicott Arba'in da Ɗaya a Bristol

Motar ba ta yi minti goma da barin tashar Exeter ba, Aubrey Mabbicott ya sake warware taswirarsa, har gefenta ya hau cinyar matarsa.

"Ka sauke mini Scotland daga jikina," in ji Glenys, idonta na kan saƙar da take yi.

"Ai babu kowa a Scotland. Na ƙarshensu ya rasu shekara tara ke nan."

"To ka ga ba ta da amfani. Naɗe ta."

Aubrey ya naɗe Scotland, ya bar sauran ƙasar a buɗe. Shekarunsa saba'in da biyu. Talatin daga ciki ya yi su ne a ofishin ƙaramar hukuma yana ba da takardar izinin kafa rumfa a kasuwa, kuma tun da ya yi ritaya ba shi da wani aiki sai bin sawun sunan gidansu. Duk inda aka sami mai amsa Mabbicott a Birtaniya, akwai jan ɗigo a taswirar. Wanda ya mutu a ja masa baƙin layi.

A ƙidayar 1881 mutum ɗari uku da goma sha biyu ne ke da sunan, kusan dukkansu a yankin Devon. Yaƙi ya ci wasu, wasu suka yi ta haihuwar mata zalla, wasu suka tafi Australia suka daina amsa wasiƙa. Yanzu jan ɗigo goma sha huɗu ya rage. Ƙaramar cikinsu shekararta hamsin da takwas, kuma ta gaya wa Aubrey a waya cewa ko yaran maƙwabta ba ta so. Ɗan Aubrey ɗaya tilo, Julian, da ya tashi aure sai ya ajiye sunan ya ɗauki na matarsa, ya koma Taylor, wai ya gaji da maimaita wa mutane yadda ake rubuta shi. Aubrey ya je bikin, amma bai ci abinci ba.

Shi ne shugaban Ƙungiyar Zuriyar Mabbicott, shi ne kuma sakatarenta. Kowace shekara ana taro a zauren cocin ƙauyensu, ya tsaya ya yi jawabin awa guda a kan tarihin gidan: wani jarumi da ya tsallako teku daga Faransa shekara dubu da suka wuce, wanda har yau ba a ga takardar da ta ambace shi ba, sai kuma Josiah Mabbicott, attajirin sukari na Bristol, wanda hotonsa ke saman duk wasiƙar da ƙungiyar ta fitar. Bara mutum shida ne suka zauna har ƙarshe. Ɗaya daga ciki mai sharar zauren ce, tana jiran a ba ta makulli.

Watan jiya ne wata ma'aikaciyar ɗakin karatu ta gaji da ganinsa yana fama da tsofaffin littattafan lambar waya, ta zaunar da shi gaban kwamfuta ta buɗe masa rajistar masu zaɓe. Mabbicott arba'in da ɗaya, dukkansu a Bristol. Aubrey ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Suna nan. Ya rubuta wa adireshin da ya fi yawan mutane wasiƙa, amsa ta zo a taƙaice: "Ku zo ranar Asabar da rana. Akwai abinci. Misis I. Mabbicott."

"Jinin Josiah ne," ya ce wa Glenys, a karo na nawa ma ita ba ta sani ba. "Reshen da ya ɓace. Ina jin sunanta Isabel. Irin gidajen nan masu dogayen tagogi."

"Ka ɗauko maganin hawan jininka?"

"Arba'in da ɗaya, Glenys. Taron bana sai an ƙaro kujeru."

Gidan ba shi da dogayen tagogi. Yana cikin jerin gidaje masu manne da juna a unguwar Easton, kusa da shagon aski. Wanda ya buɗe ƙofar dogon baƙin mutum ne mai furfura a gemu, sanye da rigar direbobin motar birni.

"Yi haƙuri," in ji Aubrey, yana ja da baya. "Na ɓata lamba. Gidan Mabbicott nake nema."

"Ka same shi. Wanne daga ciki?"

Aubrey ya duba takardar hannunsa, ya duba lambar ƙofar, ya sake duba takardar.

"Ni ne Fitzroy," mutumin ya ce. "Kai ne kawun nan mai wasiƙa, ko? Mama, ga baƙinki." Glenys ta riga ta shige tana gaishe shi, don haka Aubrey ya bi ta.

Misis I. Mabbicott sunanta Icilda. Tsohuwa ce gajeriya mai shekara tamanin da ɗaya, ta zo daga Jamaica tana budurwa, ta yi aikin jinya a asibiti har gwiwoyinta suka ƙi. Bangon falonta ba a ganin fentinsa don hotuna: aure, baftisma, yara cikin hular kammala jami'a. Ta zaunar da su a teburi, ta zuba musu shinkafa da wake da kaza mai yaji ba tare da ta tambaye su ko suna jin yunwa ba.

Aubrey ya yi loma biyu, hawaye ya cika masa ido, ya sha ruwa.

"Madam," ya fara, "sunan nan, ta hanyar aure kika same shi?"

"Ta aure. Allah ya ji ƙan Cleveland."

"Shi kuma fa?"

"Wurin ubansa. Ubansa kuma wurin nasa uban. A garinku ba haka ake yi ba?"

"Abin da nake nufi, wani lokaci ma'aikatan tashar jirgin ruwa kan yi kuskuren rubutu. Akwai Maddicott, akwai Mabbett…"

"B biyu, t biyu," in ji Icilda. "Shekara sittin ina gyara wa mutanen ƙasar nan shi. Ban zaci sai na gyara wa mai shi ba. Miƙo taswirar nan mu gani."

Fitzroy ya kawar da kwanuka, aka shimfiɗa ta. Aubrey ya ɗan samu bakin magana. Ya nuna mata yadda sunan ya taru a Devon, yadda ya bi hanyar jirgin ƙasa ya hau arewa, yadda ya yi ta raguwa. Muryarsa ta yi ƙasa da ya zo kan goma sha huɗun.

"Nan da shekara ashirin," ya ce, "sai dai a kan duwatsun kabari."

Icilda ta bi taswirar da yatsa har ta kai bakin teku, ta ci gaba da tafiya a kan teburin, ta wuce kwalbar yaji, ta tsaya dab da gwiwar hannun Glenys.

"Mu nan muke. A ƙauyenmu kaɗai can Jamaica, in malami ya ce Mabbicott ya tashi, rabin aji ke miƙewa. Fitzroy, nawa aka ƙirga a taron dangi na bara?"

"Ɗari shida da wani abu. Ban da na Toronto, su ba sa zuwa sai an mutu."

"Ka ji. Kai kana can kana zaman makoki, mu muna nan muna aron kujeru. Ina ka tsaya da neman naka?"

"Ƙungiyar ta Birtaniya ce," in ji Aubrey.

"Mu ma ai a Birtaniya muke. Fitzroy a nan asibitin bayanmu na haife shi. Shekara ashirin da shida yana tuƙa bas a birnin nan, sunansa a rubuce a ƙirjinsa. Wataƙila ma ka taɓa shiga."

Ta tashi da ƙyar, ta buɗe aljihun kabad, ta dawo da takardu biyu. Ta farko wasiƙarsa ce. Ta sa yatsa a kan hoton Josiah, mai farin gashin roba da haɓa biyu.

"Da na buɗe ambulan na ga wannan, sai da na nemi kujera. Na ce ashe akwai masu yawo da shi a saman takarda. Me ka ce yana yi?"

"Cinikin sukari."

"Shi ke noma raken?"

Ta tura masa takarda ta biyu. Hoton wani tsohon shafi ne da jikarta ta ɗauko daga ma'ajiyar tarihi, da rubutun hannu mai kyau, irin wanda Aubrey ke yabawa. A sama akwai shekarar 1817 da sunan Josiah Mabbicott, mai gona. A ƙasa jerin mutanen da ya mallaka, kowa da suna ɗaya tak, da shekarunsa, da launin fatarsa.

"Layi na goma sha bakwai," in ji Icilda. "Karanta. Kai ne mai tabarau."

"Phibba. Shekara goma sha tara. Baƙa."

"Na ƙasanta."

"Josiah. Shekara biyu. Ɗan Phibba." Ya tsaya. "Ruwa biyu."

"Kakan kakan mijina ke nan. Da aka 'yanta su, da yawa sun ɗauki sunan gonar don ba su da wani. Shi kuwa nasa ne ya ɗauka. Abin da kawai ya samu daga ubansa ke nan."



"Ba a taɓa sanin wannan ba a wajenmu," in ji Aubrey.

"Ya sani," in ji Glenys. Ta ajiye cokalinta. "Wasiyyar Josiah tana cikin akwati a ƙarƙashin gadonmu. Shafi na huɗu, inda ya ambaci Phibba da ɗanta. Shekara ashirin yana ce mini ruwa ya ɓata shafin, ba ya karantuwa. Ni na karanta shi ranar da nake share ɗakin, ko tabarau ban sa ba."

"Glenys."

"Kuma kunnuwan ne. Tun a bakin ƙofa na gani. Ka dubi na bawan Allahn nan, ka dubi naka. Julian ma su ne da shi, ko da ya koma Taylor."

Fitzroy ya taɓa kunnensa, wanda ya buɗe gefe kamar hannun kofi, ya dubi na Aubrey, ya yi dariya har sai da ya dafa kujera.

"Kawu, ashe kai ne ka ja mini. Duk tsokanar da na sha a makaranta."

Aubrey ya fara naɗe taswirar a hankali, yana daidaita bakinta. A cikin aljihun kwat ɗinsa akwai katunan gayyatar taro guda arba'in da ɗaya, waɗanda ya rubuta sunaye a kansu da hannunsa. Ya yanke shawarar su zauna inda suke. Zai ce zai aiko ta gidan waya.

"Ba ta katunan mana," in ji Glenys. "Ga su nan sun kumbura maka aljihu."

Ya fito da su. Icilda ta karɓa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai, tana faɗa wa Glenys wane ne ɗan wane.

"Goma sha biyu ga wata," ta ce. "Za mu zo. Fitzroy zai nemo mota babba. Akwai yara da ba su kai shekarun zaɓe ba, su ba ka ƙirga su ba, kamar goma sha tara. Ka ce a dafa da yawa. Ko kuwa bari, mu za mu taho da abincin. Na ga irin cin da kake yi."

A bakin ƙofa, da Glenys ta tsaya karɓar sauran kazar da aka ƙunsa mata, Aubrey ya matso kusa da tsohuwar, ya rage murya.

"Madam, wata alfarma. 'Yan ƙungiyar nan tsofaffi ne. Akwai mai ciwon zuciya. Maganar takardar nan, da za a bar ta tukuna, a bi a hankali…"

"Ni?" in ji Icilda. "Ba zan ce uffan ba, ɗan uwa. Ni baƙuwa ce. Hulunanmu na coci za mu sa, mu cika layin gaba, mu yi shiru. Ka rubuta mini cewa kai ke jawabin tarihi kowace shekara, awa guda cur. Sai ka tashi ka gaya musu yadda aka yi muka zo."

Ta gyara masa wuyan kwat, kamar yadda ta saba yi wa marasa lafiyar da aka sallama, ta rufe ƙofa.

A motar komawa Aubrey ya fito da ɗan littafinsa da alƙalami. Suka wuce gadar da ke bayan gari, suka wuce gonaki, suka tsaya a Taunton wasu suka sauka, wasu suka hau. Da suka sake tashi Glenys ta leƙa shafin. Kalma biyu ce kawai a samansa: 'Yan uwa.

"To, wannan dai gaskiya ne," ta ce, ta koma kan saƙarta. "Saura minti hamsin da tara."